Sabon Madabod da Gonar Baffa

Na fi shekara goma ina sana'ar turi a Rano kafin abin nan ya faru, kuma duk tsawon shekarun ban taɓa cewa "ban sani ba" a gaban mai kawo mini aiki ba. Halina ke nan a lokacin. Shagona ƙarami ne, kusa da tasha. Teburi ɗaya, benci ɗaya, kwamfutar tebur guda, sai janareta a bakin ƙofa yana ta tari. Wani ya kawo memorin wayarsa in zuba masa karatu ko wa'azi ko waƙa, wani in buga masa takarda. Mutanen ƙauye Injiniya suke ce mini. Ban taɓa hana su ba, alhali ko ƙofar makarantar injiniyoyi ban san inda ta kalla ba.

Cikin masu zuwa shagon akwai wani dattijo Bafulatani daga wani ƙauye bayan Kahu, a ƙasar Kibiya. Baffa nake ce masa. Mahaifinsa ne ya sauka a wurin da shanunsa tun da daɗewa, wani manomi mai yalwar fili ya ba shi gona, ya zauna. A nan aka haifi Baffa, a nan ya yi aure ya haifi 'ya'yansa. Shanu suka ragu, noma ya zama shi ne abincin gidan. Gonar kyauta ce da aka yi da baki a gaban shaidu, yadda mutanen da suke yi, babu wanda ya nemi takarda. Mai kyautar ya rasu, mahaifin Baffa ya rasu, shaidun suka bi su ɗaya bayan ɗaya har ya rage saura tsoho guda. Daidai lokacin ne jikokin mai gonar suka fara cewa su dai abin da suka ji, aro aka ba Fulanin nan, kuma suna bukatar abinsu.

Da tsohon nan ya kwanta ciwo, Baffa ya je dubiya, ya roƙe shi ya faɗi abin da ya sani, ya ɗauki maganar a wayarsa. Tsohon bai yi wata guda ba ya rasu. Bayan an yi bakwai sai ga Baffa a shagona, ya jira kowa ya fita, sannan ya ciro memorin daga cikin wani ƙulli a bakin rawaninsa.

Ya ce, "Injiniya, maganar tsohon nan ce a ciki. Ita kaɗai gare ni. Wayar nan kuwa sau biyu tana faɗa mini ruwa wajen shayar da dabbobi."

Na ce, "Baffa, kawo nan. Abin da ya shiga kwamfutar nan ya shiga rumbu, ko gara ba ta isa ba."

Na kwafe ta, na ajiye. Sannan na yi abin da na saba yi wa kowa, na ce tunda an kwashe, bari in wanke memorin in cika masa da karatun Alƙur'ani, kada ya koma gida da shi a banza. Ya ɗan yi jim. Na ce, "Haba Baffa, ni ne fa." Ya yi murmushi ya ce to. Da hannuna na goge.

Bazara ta shigo da zafin nan da yake sa rufin kwano ya riƙa ƙara da kansa. Kwamfutar ta fara ciwo. Ina cikin tura wa mutum abu sai ta mutu ta tashi da kanta, in sake daga farko, benci cike da mutane suna tsaki. Na kwance ta na duba madabod, wato faffaɗan allon nan da komai na cikin kwamfuta yake manne a jikinsa. Ƙananan gwangwanayen da ke kansa sun kumbura, wasu har sun yi tsatsa a baki. Na san ya kusa. A cikin satin ne Baffa ya biyo ya gaya mini dagaci ya sa ranar zama, Alhamis ta sama, kuma ya yarda a saurari maganar tsohon, domin dattawan ƙauyen kaf sun san muryarsa. Na ce ko in zuba masa ita yanzu? Ya ce a'a, in riƙe har ranar Laraba, ta fi zama lafiya a wurina.

Zan faɗi abu guda don kare kaina, shi ne kaɗai nake da shi. Kafin in taɓa komai na kwafe maganar a filashata, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Filasha ɗaya ce gare ni mai kyau. Na saka ta a aljihun gaba, na ji na yi abin da mai hankali yake yi.

Ranar Asabar na shiga Kano. A kasuwar kayan kwamfuta na samu wani mai shago, mutum mai zaƙin baki da turare mai yawa, ya ciro mini allo na hannu, ya ce daga waje ya zo, da furosesa, wato ƙwaƙwalwarsa, a jiki. Ya ce, "Oga, in ka ɗaura wannan, sai an zo kallo daga Tudun Wada." Ban tambaye shi komai ba. Na juya allon gaba da baya ina gyaɗa kai kamar mai duba haƙoran bijimi a kasuwa, na karɓa na taho.

Lahadi da safe na rufe ƙofar shago rabi, na cire tsohon allo na ɗaura sabo. Komai ya zauna, sai ram. Ram wasu 'yan sirara ne masu tsawon ɗan yatsa biyu, su ne kwamfuta take riƙe abin da take yi a cikinsu, in babu su ba ta ko buɗe ido. A gindin kowanne akwai 'yar tsaga, a cikin ramin da ake soka shi kuma akwai ɗan tudu da yake shiga tsagar. Na ɗauko tsohon ram ɗina na soka, ya ƙi. Na juya shi, ya ƙi. Tsawonsu ɗaya da ramin, kamar an auna, amma tsagar ta kauce wa tudun da abin da bai fi faɗin ƙwayar dawa biyu ba. Waɗanda suka ƙera abin sun kautar da ita ne da gangan, don irina kada ya haɗa tsohon zamani da sabo. A lokacin ni gani na yi wulaƙanci ne kawai. Raina ya ɓaci. Na ciro ɗan zarton da ke jikin abin yanke farce, na zauna na goge gindin ram ɗin a hankali har na yi masa sabuwar tsaga. Har daɗi na ji da ya shige ya yi ƙas.

Na kunna. Fanka ta juya sau ɗaya, wani siririn hayaƙi ya tashi, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Na fizge waya daga bango. Allah ya taimake ni allon bai mutu ba, amma ram ɗin ya tafi. Da shi kuma hanyar komawa ta tafi, domin ko da na so in mayar da tsohon allo in lallaɓa zuwa Alhamis, babu abin da zan soka masa. Na tsaya ina kallon zarton nan a hannuna, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Litinin na koma Kano. Ban gaya wa mai shagon abin da na yi ba, na ce dai ram ɗina ya tsufa. Ya zuba hannu a wata roba cike da su, ya ciro biyu, ɗaya kore ɗaya baƙi. Na lura lambobin jikinsu ba iri ɗaya ba ne. Na ce, "Za su zauna tare kuwa?"

Ya ce, "Oga, ram ai ram ne. Tunda sun shiga rami, magana ta ƙare."

Sannan ya tuna mini wani abu. Ya ce babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar ta saba da tsohon allo, da wuya ta yarda da sabo, sai dai a ɗora sabuwa. Na ce ina da faifan sidi a gida. Ya yi dariya ya ce allon nan ba shi ma da wurin da zan jona tsohuwar na'urar sidina, yanzu da filasha ake yi. Ya miƙo hannu. Na ciro filashata daga aljihun gaba na ba shi. Ya soka a tasa kwamfutar, ya danna nan ya danna can, muka yi hirar tsadar taki har ta gama. Ban taɓa ɗora manhaja da filasha ba a rayuwata. Na ɗauka ƙara mata kaya kawai ake yi, kamar yadda nake zuba wa mutane waƙa a kan wadda suke da ita. Tambaya ɗaya ce da ta fitar da ni, amma mutumin tun da na shigo yake ce mini Oga, ni kuma na ga ba zan zubar da girmana a kan tambaya ba.

Talata tun da sassafe na soka ram biyun, na kunna. Kwamfuta ta tashi. Tsohuwar manhajar ta yunƙura, sikirin ya yi shuɗi da wani dogon Turanci, ta koma. Yadda ya faɗa. Na soka filasha na fara ɗora sabuwa, na zaɓi ɓangaren dis ɗin da tsohuwar take, na bar ɓangaren da kayana suke. Dis shi ne rumbun kwamfuta, komai a cikinsa yake kwana, har da maganar tsohon. Aiki ya fara tafiya, ya kai kusan rabi, ya tsaya, ya ce wani fayil ya lalace. Na sake. Wannan karon ko kwata bai kai ba. Na sake, ya kusa ƙarshe har na miƙe tsaye, sai shuɗin nan ya dawo. Kowane karo a wani wuri daban yake tsayawa. Da ina da ilimin da nake nunawa, da wannan kaɗai ya isa ya gaya mini inda cutar take.

Zafi ya yi zafi. Janareta na shan mai, mutane na leƙowa suna cewa, "Injiniya, yau ma babu?" Wani ma ya ce ko a kira mini injiniya. Na daka masa tsawar da har yau yake tuna mini. Wajen azahar na kira mai shagon.

Ya ce, "Dis ɗinka ne yake da cuta, Oga. Tsofaffin dis haka suke. Share shi gaba ɗaya. Kuma kada ka yi ƙaramin fomatin, wannan shafa mai ne kawai. Akwai dogon wanki a cikin filashar, shi za ka yi, ba ya barin komai."

Mu masu wannan sana'a a ƙauye magani ɗaya muka sani. Waya ta yi nauyi, a yi fomatin. Kwamfuta ta yi tari, a yi fomatin. Shi muka gada daga waɗanda suka koya mana, kuma sau da yawa yana yi, shi ya sa ba ma tunanin wani. Waƙoƙi da karatuttukan da ke ciki ban damu da su ba, zan samu wajen abokan sana'a. Maganar tsohon ce kawai ta tsaya mini a rai. Na kalli filashar da ke soke a gaban kwamfutar, fitilarta tana ƙiftawa, na ce ai tana nan. Na danna. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na sake dannawa. Wankin ya ɗauki tun daga azahar har aka kira magariba, ina zaune ina kallonsa yana tafiya a hankali, har ina yi masa addu'ar ya gama lafiya.

Laraba da safe na sake ɗora manhaja a kan wankakken dis. Ta kai rabi ta tsaya, da irin saƙon jiya.

Ban san lokacin da na buɗe murfin na fizge baƙin ram ɗin ba. Niyyata in je in jefa wa mai shagon kayansa a fuska. Sai na ce bari in gwada da koren shi kaɗai, don in samu abin faɗa masa. Ta fara, ta wuce rabi, ta kai ƙarshe ba tare da ko tuntuɓe ba. Kafin in gama shan kokon da na saya ta buɗe tas, tana yi mini maraba. Dis ɗina lafiyarsa ƙalau tun farko. Ram biyun ne ba sa jituwa, suke ɓata duk abin da ya bi ta cikinsu.

Na yi hamdala duk da haka. Na buɗe filasha don in mayar da maganar tsohon mazauninta. Na ga wasu fayiloli da ban san su ba, na manhaja. Na duba sama, na duba ƙasa. Na cire ta na goge bakinta da rigata na sake sokawa. Na shiga kowane lungu nata ɗaya bayan ɗaya, har wuraren da na san ba za ta shiga ba. Na kira mai shagon na ce, "Kayan da ke cikin filashata fa?"

Ya ce, "Wane kaya? Ai sai an share ta kafin a ɗora. Kowa ya san wannan, Oga."

Da la'asar Baffa ya iso. Ya sa farar riga, ya kawo mini nono a jarka da ƙwan zabi a leda. Ya zauna a benci muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, sannan ya fara kwance ƙullin rawaninsa zai ciro memori. Na yi tunanin in ce wutar janareta ce ta ƙona komai. Da ya yarda, domin bai taɓa ƙaryata ni ba. Ban iya ba. Na gaya masa yadda aka yi tun daga zarto har zuwa wanki, yana kallon bakina, na san rabin kalmomin bai gane su ba. Da na gama ya ce, "Wato babu?"

Na ce, "Babu, Baffa."

Ya mayar da memorin ya ƙulle a hankali. Sannan ya ce, "To kai ai ka ji ta. Gobe ka zo ka faɗa musu abin da ka ji."

Na ce to, domin ba ni da ƙarfin da zan gaya masa sauran a ranar.

Alhamis na hau babur na tafi. An yi yayyafi da asuba, hanya ta yi laushi, mutane duk suna gona suna gyara. A ƙofar gidan dagaci aka shimfiɗa tabarmi. Jikokin mai gonar su uku suna gefe ɗaya. Ba miyagun mutane ba ne, magidanta ne da gonar gado ta yi wa kaɗan, kuma da gaske abin da suka ji ke nan daga iyayensu. Baffa yana ɗaya gefen da 'ya'yansa manya biyu. Dattawa sun zo da yawa, wasu na ji suna cewa sun zo ne su sake jin muryar abokinsu.

Baffa ya yi bayanin abin da ya faru a taƙaice, bai ɗora mini laifi ko da kalma ɗaya ba. Ya ce na'ura ce ta samu matsala. Dagaci ya juyo gare ni ya ce, "Malam, an ce a hannunka aka ajiye maganar. Shaida ce za ka bayar, ka san nauyinta. Ka saurare ta?"

Ranar da Baffa ya kawo memorin, na kunna ta ne don in tabbatar ta kwafu. Na ji tsoho ya yi bisimilla, ya yi salati, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya yi tari mai tsawo. Maganar ta kusa awa guda, tsohon yana jan kowace kalma, ga mutane sun fara taruwa a waje. Na kashe. Wata da watanni tana cikin kwamfutata, na saurari waƙoƙin banza ba adadi, ban sake buɗe ta ba.

Na san abin da ke ciki, Baffa ya gaya mini, kuma na yarda da shi har zuciyata. Kalma ɗaya ake nema, kyauta. Baffa bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo, amma babban ɗansa ya kafe ni da ido.

Na ce, "Ranka ya daɗe, farkonta kawai na ji. Ban kai inda ya yi maganar gona ba."

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Dagaci ya tambaya ko akwai wanda yake wurin lokacin da aka ɗauki maganar. Babu, daga Baffa sai tsohon. Aka yi ta magana har rana ta take, aka nemi jikokin su bar ko da rabi, suka ce su ma 'ya'ya gare su. A ƙarshe dagaci ya ce asalin ƙasa sananne ne, kyauta kuma babu mai shaidarta. Tunda an riga an gyara gonar, Baffa ya shuka ya girbe abinsa, bayan kaka ya saki. Ya ce in bai gamsu ba ƙofar kotu a buɗe take. Baffa ya ce da me zai je.

Duk daminar nan bai zo shagona ba, ni ma ban iya zuwa ba. Kwamfuta kuwa ta yi ta aiki da koren ram ɗinta, ba ta sake mutuwa ko sau ɗaya ba, har na tsani sautin fankarta.

Bayan an gama sussuka sai ga shi da hantsi. Ya rame. Ya ce washegari za su tashi, za su bi wasu 'yan'uwansu kudu, ya zo sallama. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu ya ce abin da Allah ya rubuta ne, kuma gara da na faɗi gaskiya, da na yi rantsuwa a kan abin da ban ji ba da ya fi jin ciwo. Wannan magana ta fi mini zafi a kan ya zage ni. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo.

Ya ce, "Injiniya, alfarma ɗaya. Inna tana kwance a gefen gonar, ta yamma, ita da 'yata ta fari. Ba mu sa alama ba, mu mun san wurin. Na nuna wa mutanen, sun ce za su kiyaye, amma masu garma baƙi ne. In ruwa ya sauka ka leƙa mini."

Na ce wallahi zan je.

Ruwan farko ya sauka, aiki ya riƙe ni. Na ce sati mai zuwa, sati ya zo na ce na gaba. Sai da damina ta yi nisa na hau babur na tafi. Inda bukkokinsu suke an nome. Na bi gefen yamma daga wannan kusurwa zuwa waccan, na dawo, na sake bi, ina buɗa ganye da hannu ina duba ƙasa. Dawa ta fi ni tsawo, kunya a jere har bakin iyaka, ban gane wurin ba.